Ƙwayar da Aka Hana Aku

Ranar Talata da hantsi likitoci suka cire wa Aku bututun numfashi, bayan kwana goma sha tara inji na yi mata numfashin. Shekarunta tara. Tana buɗe ido, tana gane mutane, amma ba ta jin magana ko a bakin kunnenta aka yi, hannayenta kuma ba sa riƙe cokali. Ba rashin magani ne ya kai ta gadon nan ba. Maganin yana nan a kowane kemis na unguwarsu: ƙaramar ƙwaya rawaya, bitamin B2, wanda likitoci ke kira ribofilabin. A gidan ubanta aka hana ta sha, wata huɗu.

Gidan yana hawa na biyu na wani bene, ɗaki uku da falo. Mutum huɗu ne a ciki. Akwai ubanta, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran janareto da injin ruwa da yake yi. Akwai uwarta, mai ɗinki a gida, da kakarta ta wajen uba, sai ita. Kakar ce ta laƙaba mata Aku tun tana shekara uku, don duk maganar da ta ji sai ta maimaita da muryar mai ita. Tana kwaikwayon tarin Kaka. Tana kwaikwayon yadda ubanta ke ce wa masu neman gyara a waya "ina kan hanya" alhali yana kwance a kujera.

A bara ta fara yawan cewa "me?" in an yi mata magana. Ta fara tuntuɓe a matakala, ruwa yana ƙware ta. A asibiti na uku wata likitar jijiyoyin yara ta yi zargin wani ciwo da ba kasafai ake gani ba: jikin yaro ba ya iya kai bitamin B2 cikin jijiyoyi yadda na kowa ke yi, sai jijiyoyin ji da na haɗiya da na numfashi su riƙa mutuwa a hankali. Maganinsa a riƙa ba da bitamin ɗin da yawa, kullum, ba fashi. Ta rubuta ƙwaya biyu sau uku a rana, ta ɗebi jini ta aika gwaji. Ta kuma gargaɗe su cewa fitsarin yarinyar zai koma rawaya mai ɗaukar ido, kada su tsorata, ragowar bitamin ɗin ce ke fita.

Cikin wata shida Aku ta koma hawan matakala da gudu. Sannan sakamakon gwajin ya iso, likitar ta kira iyayen duka biyu.

"Ciwon gado ne," in ji ta. "Sai yaro ya ɗauko rabi daga uwa, rabi daga uba, sannan yake bayyana. Ku biyun lafiyarku lau, kuna ɗauke da shi ne ba ku sani ba. Ba laifin kowa ba ne."

"Daga uba?" in ji Injiniya.

"Daga ku biyun."

"Likita, ki sake duba takardar nan. Mu goma sha ɗaya uwarmu ta haifa, babu kurma, babu gurgu. Ubana da haƙoransa talatin da biyu aka binne shi."

"Allah ya ji ƙansa. Takardar dai ba za ta canza ba."

A gida, Kaka ta saurari labarin tana tsintar shinkafa a faranti. Ba ta ɗaga kai ba sai da ɗan nata ya gama.

"'Ya'yan yayyenka mata bakwai ne ba su yi aure ba," ta ce. "In maganar nan ta sauka matakalar nan, wa zai zo neman su? Ni tun farko na faɗa, ciwon shawara ne ƙwayar nan ke sa wa yarinya. Wata shida ina kallon fitsarinta kamar an jiƙa rini. Aka ce tsohuwa ba ta yi boko ba."

Washegari Injiniya ya dawo da kiret ɗin ƙwai da katan ɗin madara, ya dire a tsakiyar falo.

"Na karanta a waya," ya ce wa matarsa. "Abin nan ba magani ba ne. Bitamin ne kawai. Yana cikin madara da ƙwai da hanta da ganye. Ga su nan, ta ci har ta ture."

"Baban Aku, likita ta ce sai ta sha madara fiye da kofi dubu a rana kafin ta sami abin da ke cikin ƙwayoyin nan shida."

"To ki ce wa likitar ta sayo mana garken shanu."

Ya tattara kwalaben uku da suka rage, ya juye su a masai. Ruwan ya rine nan take. Kaka, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta tafa hannu.

"Ka gani ko? Ruwa ma ya kamu, balle hantar yarinya."

Babu wanda ya faɗi ainihin dalilin a ranar, kuma babu wanda ya faɗe shi daga baya. Muddin kwalbar na kan tebur, takardar likita gaskiya ce. In babu kwalba, babu ciwon.

Uwar Aku ba ta ƙara yin musu ba. Ta sayo wata kwalbar a kemis na bayan kasuwa, ta juye ƙwayoyin a gwangwanin maɓallanta. Kullum da safe in ta raka yarinyar makaranta, sai ta ba ta a bakin ƙofa, ta sake ba ta in ta je ɗauko ta. Ta koya mata ta yi fitsari a makaranta kafin a tashi, in kuma a gida ne ta kora ruwa sau biyu. Aku ta ɗauki abin wasa. "Asirinmu," take cewa da muryar uwarta, ta ɗora yatsa a baki.

Amma wannan ƙwaya ba ta ɓoyuwa. Sa'o'i kaɗan bayan an sha take nuna kanta. Kwana goma sha biyu aka yi, ranar Asabar Kaka ta kwaso shanya daga baranda, ta shigo falo riƙe da kamfan yarinyar da yatsa biyu. Wanki bai gama fitar da tabon ba.

Daga ranar Aku ta koma kwana ɗakin Kaka. Aka sayo farar roba. Safe da yamma a cikinta take fitsari, Kaka ta ɗauka ta kai bakin taga ta karkata ta a haske, kamar mai duba zinare. Injiniya ya karɓi rakiyar makaranta da kansa. Da ta faɗi sau biyu a filin wasa yara suka yi dariya, ya ce ta zauna a gida har ta ƙara ƙarfi.

A mako na uku ta fara cewa "me?"

Uwarta ta roƙi mijin a tsaye, ta roƙe shi a durƙushe. Ta kira yayansa a waya, ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Daga nan ta yi abin da ta ga ya rage mata. Wata safiya, a gabansu suna karyawa, ta fito da ƙwayoyi shida ta haɗiye. Da azahar ta shigo falo da farar robar, ta ajiye a ƙasa.

"Inna, wannan nawa ne. Ki dubi launinsa. Yanzu ki dubi idona, fari ne tas. Mai shawara idonsa ne ke rinewa. Ki dubi idon jikarki, wata shida tana sha, ya taɓa canzawa?"

Kaka ba ta dubi ido ba. Ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci.

"Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Mace ta kawo wa uwar mijinta fitsari har falo! Injiniya, kana zaune? A gidanka?"

Kafin la'asar an sauko da keken ɗinkinta da jakarta ƙasan bene. Injiniya ya ce ba sakinta ya yi ba, ta je gidan wanta ta koyo ladabi. Duk wanda ya tambaya a unguwa, abin da aka gaya masa ke nan: rashin kunya ta yi wa suruka. Ba a ambaci ƙwaya ba.

Abin da ya faru a makonnin da suka biyo baya, mafi yawansa daga bakin maƙwabciyarsu ta hawa na ɗaya aka ji shi, wata mai sayar da ƙanƙara da ta saba hawowa gaishe da Kaka.

Ta ce da farko muryar ce ta canza. Aku ta koma magana ta hanci, kalmomin suna narkewa kafin su fito.

"Inna, muryar yarinyar nan fa?" mai ƙanƙara ta tambayi Kaka.

"Rabu da ita, wani take kwaikwayo. Ba kin san Aku ba? Ke ƙawata, wa kike yi mana yau?"

Aku ta dubi bakin kakar, ta yi murmushi da rabin fuska. Ɗaya rabin bai motsa ba.

Sai kofi ya fara suɓuce mata. Kaka ta ce shagwaɓa ce, uwarta ta lalata ta. In an kira ta daga bayanta ba ta waiwayo ba, Injiniya ya ce taurin kai ne, fushi take yi da su, zai wuce. In ta ƙware da madara har ta fito mata ta hanci, aka ce haɗama ce, ta riƙa sha a hankali. Ƙwai uku ake dafa mata kullum. Tana tauna ɗaya har ya huce a bakinta bai wuce ba, ta faki ido ta tofar a bayan kujera. Da aka gano, aka ce almubazzaranci ne.

Uwarta ta zo ƙofar sau tara, ba a buɗe ba. Ta koma wurin likitar, likitar ta kira Injiniya sau uku, a na huɗu lambar ta daina shiga. Likitar ta rubuta masa wasiƙa, ya yi amfani da bayanta ya zana wa wani yadda za a ja waya. Uwar ta kai wasiƙa ta biyu ofishin kula da walwalar yara. Suka karɓa, suka buga hatimi, suka ba ta ranar zama nan da wata uku.

"Wata uku?" ta ce wa ma'aikacin. "Ba ta da wata uku."

"Ana dukanta?"

"A'a."

"Ana hana ta abinci?"

"A'a."

"To Hajiya, akwai waɗanda ke gabanki da aka ƙona wa hannu. Bitamin fa kika ce."

Uwar ta koma ta sami mai ƙanƙara, ta danƙa mata ƙwayoyi a ƙulle cikin leda. Mai ƙanƙara ta jira ranar da Kaka ta shiga wanka, ta zauna kusa da Aku a kan tabarma, ta buɗe tafin hannunta. Yarinyar ta gane ƙwayar. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta girgiza kai, ta ture hannun da bayan nata hannun, don yatsun ba sa buɗewa sosai.

"Sha mana, 'yar nan. Mamanki ce ta aiko."

Aku ta amsa, amma sai da ta maimaita sau uku mai ƙanƙara ta fahimci abin da take cewa.

"Kaka ta ce in ya yi fari wata guda, Mama za ta dawo. Saura kwana takwas."

Ita ke ƙirga kwanakin, da ƙulli a bakin zanen gado. Ita ke ɗaukar robar da kanta ta kai wa Kaka bakin taga, ta tsaya tana kallon fuskarta. Tana ɗura wa cikinta ruwa har ya kumbura don launin ya ƙara haske, ko da rabin ruwan ta hanci yake dawowa. Da wata gudan ya cika, ta tambaya. Kaka ta ce ai na ranar Laraba ya ɗan yi duhu, sai an sake ƙirga daga farko. Ta sake farawa. A zagaye na biyu robar ta fi ƙarfin hannunta, ta zube a tsakar ɗaki. Ta yi kuka, babu sauti.

Mai ƙanƙara ta tare Injiniya a matakala.

"Injiniya, don girman Allah ka kai yarinyar nan asibiti. A zaune take barci. Ka dubi yadda kafaɗunta ke ɗagawa in tana numfashi."

"Mura ce. Ƙanƙararki ce ma, ina jin, kike ba ta a ɓoye." Ya yi dariya, ya gyara jakar kayan aikinsa. "'Yata ce fa. Duk duniya akwai wanda ya fi ni sonta? Ki tambayi mai shago kiret nawa nake ɗauka a mako."

Ba ƙarya ya yi ba. Kullum in ya dawo sai ya ɗora ta a cinya ya ɓare mata ƙwai da hannunsa. Ya sayo mata sabon takalmi mai fitila a dunduniya. Ba ta taka shi ba, don a lokacin ta daina tsayawa sai an riƙe ta.

Ranar Alhamis da azahar Kaka na ɗura mata jiƙon sassaƙe da cokali, na wanke ragowar shawara. Cokali na huɗu bai bi hanyarsa ba. Yarinyar ta yi ƙoƙarin tari, ƙirjin ba shi da ƙarfin yi. Leɓɓanta suka yi duhu. Ihun Kaka ne ya hawo da mai ƙanƙara, ita ta saɓa ta a kafaɗa ta sauka da ita ta tare tasi. An kira Injiniya yana kan rufin wani gida. Ya iso asibiti bayan an riga an sa mata bututu.

A ranar aka koma ba ta bitamin ɗin, a niƙe, ta siririn bututun hanci. Likitar ta gaya wa uwar, wadda ta kwana goma sha tara a kan benci a bakin ɗakin, cewa numfashi ya fara dawowa kuma tana sa ran hannayen za su biyo baya ko da ba duka ba. Kunne ne ba ta yi alkawari a kai ba. Jijiyar da ta mutu, in ji ta, ƙwaya ba ta tayar da ita. Abin da take yi shi ne tsare wadda ta rage.

Injiniya yana zuwa kullum da yamma. Yakan zauna a ƙarshen gadon ya riƙe ƙafar 'yarsa. Ya rame. Ranar Laraba, kwana ɗaya bayan cire bututun, ya bi likitar ofishinta, matarsa na biye da shi.

"Likita, na yarda a ba ta ƙwayar," ya ce. "Ni da hannuna zan riƙa ba ta, sau uku, ko a bakin aiki nake zan dawo. Abu ɗaya nake roƙo. A takardar sallama ki rubuta zazzaɓi ne ya taɓa mata kunne. Ko sanƙarau. Duk abin da kika ga dama, ban da gado."

"In na rubuta zazzaɓi, likitan da zai gan ta bayana zai ce me ya haɗa zazzaɓi da bitamin shida a rana, ya tsayar. Takardar nan ita ce za ta bi ta har girmanta."

"Uwata ta ce in takardar ta shigo gidan da kalmar nan, ita za ta fita. Shekararta saba'in da huɗu. Ina za ta?"

"'Yarka shekararta tara."

Matar Injiniya ce ta zame daga kujera ta durƙusa a gaban teburin.

"Likita, ki rubuta daga wajena ne. Duka. Ki ce jinina ne ni kaɗai, danginmu ne masu shi. Ni na yarda, zan sa hannu. Kowa ya ji, a faɗa a kasuwa. In dai za a ba ta."

"Tashi, Maman Aku."

"Ba zan tashi ba. Layi ɗaya ne fa. Me zai rage miki?"

Likitar ta ce ba za ta rubuta abin da gwaji bai nuna ba. Ta ce a cikin 'yan'uwan Injiniya ma akwai yiwuwar wasu na ɗauke da rabin, kuma sanin hakan zai iya ceton wani yaron. Injiniya ya miƙe, ya ce ashe so take ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Ya fita bai rufe ƙofar ba.

Babu wanda ya taɓa ɗaga wa Aku hannu a gidan nan. Ba ta kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Duk wanda aka tambaya a benen zai shaida cewa ubanta mutumin kirki ne, yana gyara wa maƙwabta injin ruwa kyauta, kakarta kuma ba ta raba yarinyar da jikinta. Shi ya sa aka yi wata huɗu ana jin tarinta ta bango, mutum ɗaya ce kawai ta hau matakala ta yi magana. Abin da aka hana ta bai kai ƙwayar wake girma ba, kuma sunansa bai yi kama da abin da rashinsa ke kisa ba. Kaka ta zo asibitin sau ɗaya. Ta tsaya a bakin gadon ta ce, "Ƙawata, tashi mu tafi gida, ɗaki ya yi mini faɗi." Ta faɗa sau biyu, na biyun da ƙarfi. Aku tana kallon silin.

Asibitin na bukatar gadon ranar Litinin. Injiniya ya ce gidansa 'yarsa za ta koma, shi ne ubanta. Gidan wan uwar ɗaki ɗaya ne, mutum shida a ciki, kuma ya ce ba zai karɓi 'yar wani ba sai da yardar ubanta. Zaman ofishin walwalar yara saura mako biyu, ba su amsa wasiƙar likitar ta neman a matso da shi ba.

Takardar sallamar tana kan teburin likitar. Gurbin sunan ciwon an cike shi. Gurbin da ke ƙasansa, na sunan wanda zai riƙa ba ta maganin sau uku a rana, har yammacin Juma'a ba a rubuta komai a ciki ba.